Soson Makirufo a Cikin Furata

Hajiya Asiya, assalamu alaikum. Don Allah ki taimake ni kafin in aikata abin da za a daɗe ana labarinsa a Bungudu.

"Ranar sunan jikanmu kawai zan kunna shi, washegari ya koma kwalinsa." Wannan maganar maigidana ce, da bakinsa, ranar da ya dawo daga Gusau da makirufo marar waya, irin wanda ake haɗawa da 'yar sifikar hannu, kiɗa na tashi mutum na ɗora muryarsa a kai. Jikan nan yanzu gudu yake a tsakar gida. Kwalin kuwa kaza ke ƙwai a ciki.

Malam ya yi shekara talatin da biyar yana aikin gwamnati, ba wanda ya taɓa jin ya ɗaga murya. Yana yin ritaya sai ya gano ashe shi mawaƙi ne. Kullum bayan la'asar abokansa biyar ke cika zaure, dattawa masu furfura, kowa da goro a kunci, ana miƙa makirufo daga wannan baki zuwa wancan. Ya sayo masa ƙafar tsayawa, ya sayo jaka, ya sayo wani abu mai maimaita murya, tari ɗaya abokinsa Malam Ummaru zai yi unguwa ta ji shi sau huɗu. Duk na haƙura.

Abin da ya fi ƙarfin haƙurina shi ne soso. Akwai wani ɗan soso mai kamar hula da ake sa wa kan makirufo. Shekara ashirin da biyu ina koyar da kiwon lafiya a sakandaren 'yan mata, na san abin da ke taruwa a soson da dattawa shida suka yi wa feshin yawu da tukar goro. Malam yakan ɗauraye shi ya shanya, kuma duk faɗin gidan nan bai ga wurin shanya ba sai faifaina. Na yi magana har na gaji.

Mako biyar ke nan da rasuwar maƙwabcinmu Alhaji Jibo, Allah Ya jiƙansa. A unguwarmu, ranar sadakar uku kowace mace tana aika abin da aka san ta da shi, ni kuwa da fura aka san ni, hannun mahaifiyata na gada, mutuniyar Kwatarkwashi. Ba ma damawa a gida. Curi ake aikawa a ƙwarya, nono daban, can mata su dama gwargwadon baƙi. Na cura, na birkiɗa cikin gari, na jera a faifai, na shiga wanka. Malam ya zo ya ajiye jiƙaƙƙen sosonsa mai ruwan toka a tsakiyarsu, gari ya manne masa. Girmansa ɗaya da curi. Na fito a gaggauce, ba tabarau, na juye faifai cikin ƙwarya na rufe na aika.

Hajiya, mata sun fi talatin a tsakar gidan, har da ni da na bi bayan ƙwaryar. Inna Zuwaira, yayar mai takaba, ta dama, har an ɗibar wa baƙin Tsafe sun sha, amma curi ɗaya ya ƙi fashewa. Tana danna shi da ludayi yana tasowa. Ta tsamo shi ta matse. Ruwan goro ya fito.

Tun daga ranar sau biyu ina aika ƙwarya cikin unguwa, tana dawo mini a rufe yadda ta tafi, da godiya mai yawa. Ba wadda ta ce mini uffan. Na karanta littattafai ba adadi, ban taɓa cin karo da matar da soso ya zubar wa mutunci ba. Da na gaya wa Malam, dariya ya yi har da hawaye, sannan ya tambaye ni ko sun dawo masa da abinsa.

Ranar Asabar za a yi sadakar arba'in. Na ba shi zuwa azahar ɗin Alhamis: ya je gidan ya faɗa da bakinsa cewa soson nasa ne, makirufo kuma ya bar mini gida. In Alhamis ta wuce, ranar Juma'a zan zuba makirufon da sosunansa a turmi in dake su lilis, in kai musu zaure a akushi, da ludayi shida.

Taki,
Mai Ƙwarya, Bungudu

Amsa

Wa'alaikumus salam, 'yar'uwa. Fushinki yana kan hanya. An ɓata miki abin da kika gada, a gidan makoki, sannan aka yi miki dariya. Dariyar ta fi soson ƙazanta.

Amma ki ajiye taɓarya. Akwai batir a cikin abin nan, yana iya fashe miki a fuska, kuma ba zai sa ko mace ɗaya ta buɗe ƙwaryarki ba.

Ki duba ta ɓangaren Malam. Wanda ya saba fita ofis kullum, ya wayi gari ba mai nemansa, zauren nan ne kawai wurin da ake sauraronsa. Kada ki ƙwace masa shi. Ki sa sharaɗi: kowane dattijo da sosonsa, ya tafi da shi gida matarsa ta san ta kansa. Malam ya sami robarsa da igiyarsa ta shanya, kuma kayan waƙa ba sa ƙetare ƙofar zaure. Ke ma, da kin sa tabarau, da ba mu kai nan ba.

Wa'adinki na Alhamis yana nan, sai dai rabinsa: dole ya je ya ba mazan gidan haƙuri. In ya noƙe, ki kai maganar ga Malam Ummaru, shi ma yawunsa na ciki.

Mata kuwa aikinki ne, don ba jawabin Malam suke jira ba. Ranar Asabar kada ki aika kowa. Ki ɗauki ƙwaryarki da kanki, ki zauna kusa da Inna Zuwaira, ki fasa kowane curi da hannunki a gabansu, ki dama, ki sha ludayin farko. Ki riga su dariya. Ina tabbatar miki tun mako biyar suke riƙe da ita, kunyarki suke ji.

Allah Ya jiƙan Alhaji Jibo, Ya huci zuciyarki, Ya sa ƙwaryarki ta dawo gida fayau.

Hajiya Asiya