Hancin Aro

Litinin, 13 Mayu 2024
Tun da mura ta kwantar da ni cikin azumi ban sake jin ƙamshin komai ba. Ni Fanta, da duk unguwarmu ta Birni in ana zancen humra da ka'aji, turaren wutanmu na Barebari, sunana ake fara kira. Ga bikin autata Ilham ya matso. Matan unguwar Zango za su zo, dangin Diffa za su zo, kuma kafin su dubi amarya humrarta za su shinshina. Lokotoro a asibiti ya ce in yi haƙuri, ƙila ya dawo. Ƙila. Yayata Ya Gana kaɗai na gaya wa.

Alhamis, 16 Mayu
Ya Gana ba ta ko tausaya mini ba. Wai Allah ya karɓi hanci ɗaya ya bar mini ido biyu, ni kuwa sai ƙorafi. "Kullum ki nemo abu guda mai kyau ki gode, ki rubuta." Kamar wata 'yar lakwal da malamar aji ta ba aikin gida. To, na yau: hantsi a kan duwatsun bayan gidanmu, sun yi ja kamar lalle ya kama. Na rubuta, Ya Gana, sai ki sarara mini.

Lahadi, 19 Mayu
Na ƙona farce. Shekara talatin ina soya wannan ɓawon na teku cikin yashi, hanci ke gaya mini ya yi, ɗan jinkiri kaɗan humra ta yi ƙauri. Yau ina zaune a gaban kasko ina juyawa, sai ga Ramlatu matar ɗana Hassan ta fito daga ɗaki da sauri. "Iya, kamar wani abu na kamawa." Na ce gawayin ne ba shi da kyau. Na zubar a bayan gida na rufe da ƙasa. Raina ya ɓaci ƙwarai, har kuka na yi. Babu abin godiya yau.

Talata, 21 Mayu
Shamuwa biyu a kan tsamiya. Damina ta kusa ke nan.

Asabar, 25 Mayu
Mun je Dogo sayen kajiji, saiwar nan mai ƙamshi, garin su Ramlatu ne, shi ya sa na tafi da ita. Da can in na shiga mota rufe hanci nake da mayafi saboda warin mai, ban taɓa kallon hanya ba. Ashe haka goruba ta yi layi, ashe akwai wani kwari kore shar da rake da mangwaro, alhali ko ɗigon ruwa bai sauka ba. Manoma sun share gonaki tas suna jiran sama. Na yi hamdala ba don Ya Gana ba.

A kasuwa na ɗauki kajiji na kai hanci don kada a gane. Ramlatu ma ta ɗauka. Na lura a tari na farko ta ɗan yamutsa fuska, a na uku kuwa ta lumshe ido. Na ce a auna mini na uku. Mai kajiji ya ce, "Hajiya ta san kaya." Na sani mana.

Talata, 28 Mayu
Shekara huɗu yarinyar nan tana gidana, ban taɓa barinta ta zauna kusa da kaskona ba. Sana'ar gado ce, daga kakata zuwa uwata zuwa ni. Ilham ya kamata ta karɓa, ita kuwa sai wayar salula da turaren kanti.

Na ce Ramlatu ta zo ta yi mini fifita, wai hannuna na ciwo. Na sa farce, ina juyawa, idona a kan fuskarta. Can sai ta ɗaga kai, hancinta ya ɗan buɗe. Nan take na sauke. Launinsa ya fito daidai yadda na san shi. Abin godiya na yau: dabarata.

Asabar, 1 Yuni
Haka muka haɗa turaren sandal, muka haɗa na hawi. Yau wajen zuba miski na ɗiga, na dube ta, ba ta motsa ba. Na ƙara. Sai ta ce a hankali, ba ta ko ɗago ba, "Iya, ya isa haka." Ta ci gaba da fifita wutar da ta riga ta mutu. Ashe ta sani. Tun yaushe, oho. Ko Hassan ba ta gaya wa ba, da na gani a idonsa, yaron nan bai iya riƙe magana ba.

Lahadi, 9 Yuni
An kai Ilham. Ta yi kyau har na kasa kallonta da yawa. Da aka buɗe kwalbar humra, sai Hajiya Habiba ta Zango, wadda ba ta taɓa yabon abin kowa ba, ta ce, "Fanta, ta bana ta fi ta kowace shekara." Ya Gana ta harare ni ta gefe. Na ce, "Ni da 'yata Ramlatu muka haɗa." Bakina ne kawai ya faɗa, ban shirya ba.

Laraba, 12 Yuni
Ruwan farko, bayan la'asar. Kowa a tsakar gida sai zancen ƙamshin ƙasa yake. Ni ban ji ba. Na dubi Ramlatu tana tsaye bakin rumfa ta lumshe ido, na san ya kai yadda ake faɗa.

Gobe zan nuna mata abin da kakata ke zubawa daga ƙarshe, wanda ko Ya Gana ba ta sani ba. Don dai hannuna na ciwo ne.

Na yau: ita.