Hasken da Kika Zana da Burushi

Zuwa ga Ummukulthum, sanyin idona, ruwan randa a tsakiyar bazara, farin watan da ya tsaya a kan Hanwa ya ƙi leƙo Fatakwal,

Bayan sallama da gaisuwa mai tarin yawa, saƙonki ya iso ta hannun Remi direba. Guntun kwali ne kawai, da baƙin layin fenti mai lanƙwasa kamar rafin Kubanni da damina, batirin agogo a wannan gefe, ƙwan fitila kamar ƙwayar dawa a wancan. Na danna inda kika ce in danna. Sai haske! Allahu Akbar! Ni da na yi furfura ina jan waya a silin ɗin mutane, wuta na fizgata, ga fenti ya ɗauko lantarki a tafin hannuna babu waya ko ɗaya. Wace irin baiwa Allah ya zuba a yatsunki? Wa ya koya wa tawada gudu da wuta?

Kin tuna ranar da muka sayo 'yar kwalbar fentin nan a shagon Madam Janet a Sabon Gari? Kika zauna a soronku kina jan burushi, Inna tana leƙowa wai ko rubutun sha kike yi. Na ƙosa, na kai hannu, kika buge shi, kika ce ɗanye ba ya ɗaukar wuta, sai ya bushe. Wallahi da fitilar ta kama, fuskarki nake kallo.

To ji abin da ƙauna ta sa ni. Na ninke kwalin kamar laya, na sa a aljihun ƙirji, na hau tsani da shi cikin gumi. Da na buɗe, layin ya tsage a kan ninkin, haske ya ɗauke. Na gwada dalma, takardar ta fara ƙonewa. Duk gwanintata, na zauna ina kallonsa kamar maraya.

Kin ce Baba ya gaji, in magabatana ba su zo kafin azumi ba, zai ɗauka wasa nake da 'yarsa. Gaskiyarsa. Ni ma da 'yata ce haka zan faɗa. Maigidana a wurin aiki kuwa ba mugu ba ne, ba ya zagi, ba ya cuta, amma kullum na ce hutu sai ya ce bayan wannan gini. Ginin garin nan ba ya ƙarewa, Ummu, ni ne nake ƙarewa.

Gobe zan miƙa masa filayarsa da tsaninsa. Aiki a Samaru, can kusa da ku, ban san ko akwai ba, kuma tsoro nake ji, ba zan ɓoye miki ba. Amma ki gaya wa Baba, Kawu Umaru na tafe ranar Juma'a da goro, ni ina bayansa.

Naki, da aiki ko babu, har ranar da za a miƙa ni makwanci,
Abdulrahim