Jan Alayyahun Inna

Makarantar 'Yan Mata,
9 ga Fabrairu, 1956

Zuwa ga Iya Alimot,

Gaisuwa da fatan alheri. Ki yafe mini da na yi ƙarfin halin rubuto wa babba kamarki. Amma tun da Baba ya zo ziyara ya faɗa mini abin da ya faru, na ga dole in rubuto.

Da zan taho makaranta, na roƙe ki ki riƙa ba lambunmu na bayan gida ruwa. Ruwa kawai na ce. Busassun kararen jikin katanga da kika tuge kika ƙone, jan alayyahun Inna ne. Da gangan na bar su don iri. Lokacin tana da rai, kowace safiya tare muke ban ruwa, ita da tulu, ni da gwangwanin da ta huda mini da ƙusa, muna neman sabon ganye. Tun rasuwarta shi nake sake shukawa, kuma ban ajiye ko ƙwaya ba. Na kasuwa kore ne, ba shi ba ne.

Me ya hana ki tambaya?

'Yarki,
Kubra

*

Dilimi, Jos

Kubra,

Ina gaishe ki. Ɗana Raimi ke rubutawa, ni ke magana.

Sannu, Malama! Don haka aka kai ki boko, ki aiko wa maƙwabciya sammaci? Safe da yamma ina jan guga cikin sanyin Jos, hannuna duk ya tsage. Tumatirinki ya yi, yakuwa ta yi, ban ji "na gode" ba. Maciji na gani a gindin kararen, inda jikata Foluke ke rarrafe. In tsaya neman izininki? Ba ki ce mini iri ba ne.

Nemi wani mai jan gugan.

Alimot

*

Iya,

Bayan gaisuwa, na gode da wahalar ruwa, Allah ya raya Foluke. Ban san da macijin ba. Amma ba zan yi miki ƙarya ba, har yanzu raina a ɓace yake. Da kin karkaɗe kan alayyahu ɗaya a bakin zaninki, da ya isa.

Ki huta lafiya.
Kubra

*

Dilimi, 28 ga Afrilu

Kubra,

Ban huce ba, kada ki zaci na huce. An yi ruwa sau biyu. Inda na jibge kararen kafin in kai su wuta, wasu 'yan tsirrai sun fito cunkus, ƙasan ganyensu ja. Na kifa musu kwando saboda kajin babanki, marasa kunya.

Ban taɓa su ba. To, Malama, yau ga tambaya: in tuge ko in bari?

Alimot

*

Iya,

Ki bari! Don Allah ki bari. In sun kai tsawon yatsa, ki rage masu cunkoson ki yi miya, ke da Foluke.

In ba zan dame ki ba, ki ba ni izini in sake rubutowa in ji yadda suke.

'Yarki,
Kubra