Bawul ɗin Rediyon Baba

Daren Alhamis, Zuru

Na gaji liƙis, amma zuciyata fes take.

Tun makon jiya ƙaramar amfilifayar cocinmu, na'urar ƙara sautin nan wadda makirufo ke fara shiga, take ta gurnani. Bawul ɗinta ne ya mutu, ƙwan gilashin nan da ke yin ja idan ya ɗau zafi. Na zagaye kasuwa ban samu ba, wani mai gyara ma dariya ya yi mini. Ga bikin ƙanwata Rifkatu jibi.

Sai na tuna da rediyon da Baba ya dawo da shi daga aikin soja. Tun rasuwarsa Mama ta lulluɓe shi da zane, ba mai taɓawa. Da rana na durƙusa na roƙe ta.

"Fasa mini shi za ka yi?"

"A'a, Mama, ƙwai ɗaya zan zare. Irinsu ɗaya ne."

Ta ce, "Sai dai a gabana."

A gabanta na zare ƙwan, har coci ta biyo ni. Na soka shi a gurbinsa, na kunna. A hankali ya yi ja, gurnanin ya ɓace. Na miƙa mata makirufo ta gwada, sai ta ɗauko waƙar da Baba yake so da yarenmu. Rabon da in ji ta tana waƙa tun ranar jana'iza.

Bawul ɗin tsoho ne, ban san iya kwanan da zai yi ba. A hanya na ce zan mayar mata bayan biki.

Ta ce, "Bar shi can. Shirun ya isa haka."