Doyar Rifkatu

Daren Talata, Yelwa

Yau na lallaba kasuwa. Mai doya ya ji sunana, ya ce, "Baba, kai ne mahaifin Dakta Rifkatu?" Wai malamin gonarsu ya karanta bincikenta a waya, ya koya musu ajiyar doya, bana ba ta ruɓe ba.

Na tuna kukanta lokacin da manyan mujallu suka nemi kuɗin da ba ta da shi. Daga baya ta sami mai bugawa kyauta, kowa ya karanta kyauta. Ranar har rawa ta yi.

Ya ƙara mini doya biyu. "Ka kai mata, Baba."

Na karɓa. Na kasa gaya masa mun binne ta bara. Ga su nan a ƙofar ɗakinta.