An rubuta mini marigayi ina raye

Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Admin, a sakaya sunana. Ban saba kai kuka gaban yara ba, amma yau don Allah ku ba ni shawara.

Ni dattijo ne a Arlit, na yi shekara talatin ina aikin lantarki a kamfanin ma'adini, kuma ban taɓa barin akwatin wuta a buɗe na juya baya ba. Yanzu ni ke shugabantar ƙungiyarmu ta tsofaffin ma'aikata. Surukina, mijin ɗiyata, shi ya gina mana aplikasiyon da ke riƙe da sunayen mambobi a ordinatar ɗin biro, wato kwamfutar ofishinmu. Sai ya tsaga tagar aplikasiyon gida biyu, sama sunayenmu, ƙasa kayan cikin na'urar a fili, rubutu ja da baƙi, irin wurin da masu wannan sana'a ke leƙawa su nemi kuskure. Wai idan abu ya lalace, sakatare ya ɗauki hoton jan rubutun ya aika masa Agadas, ya huta da wahalar hanya. Wannan shi suke kira gwaninta.

To, akwai wani tsohon direban bas ɗin ma'aikata, wanda na kayar a zaɓen ƙungiya, mutumin da ko takardar hutu sai an karanta masa. Ya shiga biro, ya taɓa wannan taga ta ƙasa, ya sa "marigayi" gaban sunana, ya ɗauki hoto ya watsa. Kafin azahar an shimfiɗa tabarmi ƙofar gidana. Wani tsohon abokin aikina ya taso tun daga Assamakka a bayan babbar mota, ya iske ni zaune ina shan shayi, ya yi salati ya ce, "Alhaji, ashe kai ne za ka karɓi gaisuwar?"

Na aika a tambayi surukin, tun da ba ma haɗa ido. Amsarsa ita ce babu abin da ya canza a ainihin rajista, da an sabunta shafin kalmar ta ɓace, wai Baba ya kwantar da hankalinsa. Ta ɓace a ekran ɗin na'ura, ba ta ɓace a bakin mutane ba. Har masu kabu-kabu yanzu marigayi suke kirana.

Kwamiti ya ce kalma ɗaya daga bakina ta isa a karɓe aikin daga hannun surukin. In na faɗe ta, na tozarta mijin ɗiyata a gari. In na yi shiru, na amince da aikin da ko ɗan koyo ba zan yafe wa ba.

Akwai kuma abu na uku. Jiya na zauna gaban na'urar, na gano yadda ake yi, ashe wayon bai fi canza fis ɗin lantarki ba. Sunan direban nan yana gabana, tagar kuma a buɗe.

Ku faɗa mini, in sa a rufe ta, ko in fara rubutawa tukuna?