Maki Huɗu na Kallon Ido

Zuwa ga Mai Girma Shugaban kwamitin da ya tsara takardar auna makin ɗalibai a kolejojin yankinmu.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Bayan gaisuwar girmamawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali da abokan aikinka.

Ranar Litinin da ta wuce an manna sakamakon ƙarshen shekara a ƙofar ofishin daraktan kolejin garinmu. Ƴata Zuwaira, ƴar ajin katiriyam, aji na uku a kolejin, ta samu 9,96 cikin ashirin. Da goma ake wucewa. Ta riga ta maimaita aji sau ɗaya, shekarar da ciwon shawara ya kwantar da ita wata biyu, kuma ba a maimaitawa sau biyu. In lambar ta tsaya a haka, an sallame ta daga lakwal, wato makaranta, ke nan, ana saura shekara ɗaya ta zauna birebe, jarrabawar gama koleji. Majalisar malamai za ta zauna ranar Alhamis mai zuwa. A da majalisar takan ɗaga irin wannan lamba, amma bana darakta ya ce tun da ma'auninku ya zo, abin da takarda ta ba da shi za a bi.

Ni manomin gyaɗa ne yanzu, a wani gari kusa da Kwaya. Kafin nan na yi shekaru ina gyaran rubutu a ɗakin labarai, shi ya sa ban iya ganin takarda in bar ta ban karanta ba. Zuwaira kuma ba ƴar fari ba ce, don haka ina iya ambaton sunanta a bainar jama'a ba tare da tsofaffin gidanmu sun kama baki ba. Ga abin da na gani.

Na ɗaya. Ni ba maƙiyin takardarku ba ne, kuma ina so a rubuta wannan tun da fari. A zamaninmu maki kamar ruwan sama yake. Mushe, wato malami, ya ba ka sha huɗu, ka gode wa Allah. Ya ba ka shida, ka gode wa Allah. Ba wanda ya san daga wane gajimare ya zubo. Ku kuwa kun yanka makin gida-gida, kun rubuta abin da ake nema a kowane gida. Wannan tiya ce, irin wadda ake awon hatsi da ita a kasuwar Sassumbrum: mai saye na ganin ta, mai sayarwa na ganin ta. Ba don ita ba, da yau ban san inda makin ƴata ya zube ba, balle in rubuto maka. Ka ga da sandar da kuka ba ni nake ƙwanƙwasa ƙofarku.

Na biyu. A zango na biyu Mushe Lawali, malamin Faransanci, ya sa kowane ɗalibi ya tsaya gaban aji ya yi jawabi, abin da suke kira ekispoze. Zuwaira ta zaɓi yadda ake matsar man gyaɗa a yi ƙuli-ƙuli, aikin da take taya uwarta tun kafin ta iya rubuta sunanta. Takardarku tana da layi biyar, kowane layi maki huɗu. Sanin abin da ake faɗi: ta samu huɗu. Jera magana daki-daki: uku. Ingancin Faransanci: uku. Ɗaga murya: biyu, kuma ban yi gardama ba, don ko a gida sai an ce mata ta maimaita. Layi na biyar ya ce ɗalibi ya riƙa kallon malami da masu sauraro ido cikin ido. Nan ta samu sifili. Jimla sha biyu. Na zauna da Mushe Lawali mun yi lissafi sau biyu a bayan wani tsohon kaye, littafin rubutun ɗalibai: maki biyu kawai a wannan layin sun isa su haye da ita goma a sakamakon shekara.

Na uku. Na tambayi malamin ko ta ɓoye fuska ne a takarda tana karantawa. Ya ce a'a, ko takarda ba ta riƙe ba, da ka ta yi jawabin. Na ce to ina take kallo? Ya ce, "Baba, ƙasa take kallo. In ta ɗaga kai ƙwarai, ta kai ga takalmina." Ranka ya daɗe, wannan sifilin ba nata ba ne, namu ne. Shekara goma sha biyar muka yi muna aikinsa, ni da uwarta da kakarta da maƙwabta, ba hutu ba yajin aiki. Duk ranar da ta ɗaga ido ta dubi babba yana magana, akwai wanda zai ce mata wannan tsaurin ido daga ina. Mun yi nasara sosai, har ga shi takardarku ta tabbatar.

Na huɗu. Abin da ya fi ɗaure mini kai shi ne lakwal ɗin kanta farashi biyu take yi wa idon nan. A takardar sakamakon Zuwaira, wajen halin ɗalibi, an ba ta sha takwas, an kuma rubuta da jan alƙalamin bik cewa yarinya ce mai ladabi. Tana da ƙawa, Balkisa, ƴar wani ma'aikaci da aka yi wa canjin aiki daga Magarya. Balkisa ta cinye maki huɗun layi na biyar cif. A satin jawabin dai surbeyan, mai kula da tarbiyyar ɗalibai, ya sa ta ban ruwan itatuwan lakwal kwana uku, don yana yi mata faɗa ta tsura masa ido. Tsakanin ƙofar aji da ofishin surbeyan taku ashirin ne, na auna. Ina roƙo a faɗa wa yaran a taku na nawa ya kamata su sauke ido.

Na biyar. Da na gane matsalar na ce bari in gyara ɓarnar da na yi. Ranar Juma'a bayan an sauko daga masallaci na shimfiɗa tabarma a tsakar gida, na ce Zuwaira ta tsaya ta maimaita mini jawabin tana kallona. Ta fara da hulata. Na ce ta sauko. Ta tsallake fuskar gaba ɗaya ta sauka a aljihun rigata. A karo na uku ta daure ta dube ni, muka yi kamar daƙiƙa biyar a haka, sai na ji abin ya yi mini nauyi, na shiga gyaran tabarmar da ba abin da ya same ta. Ana cikin haka mahaifiyata, wadda muke kira Iya, ta fito daga ɗaki. Da aka yi mata bayani sai ta ce, "Kai da na haifa, yau shekara sittin, ka taɓa kallona haka? In lakwal ido take so, a kai musu na akuya, ita ba ta jin kunyar kowa." Daga nan darasi ya tashi. Kana iya cankar inda nake kallo.

Na shida. Ina so in wanke Mushe Lawali, don kada wasiƙar nan ta zame masa tuhuma. Yaro ne mai ƙoƙari, abin da aka rubuta ya bi, bai ƙara ba bai rage ba. Ya tarbe ni da mutunci, ya ba ni kujerarsa, shi ya zauna a bencin ɗalibai. Rabin awa ya yi yana bayyana mini amfanin kallon ido a jawabi, da hujjoji masu kyau, cikin Hausa mai daɗi. Duk tsawon rabin awar nan alli yake juyawa a hannunsa yana kallon sa. Na ɗauki takardarku na auna shi a zuci: huɗu, huɗu, huɗu, uku, sifili. Da na faɗa masa sai ya yi dariya har ya dafa tebur, ya ce, "Baba, ai kai sa'an mahaifina ne." Na ce to, kai kuma fa a wajen Zuwaira? Sai ya koma juya allinsa. Darakta ma da na shiga wurinsa, da tambarin da ke kan teburinsa ya yi hirar. Ni kuma da kalandar bango.

Na bakwai, kuma nan ne ba na wasa. Yaran ba su ga takardar ba sai bayan an gama jawabai. Kwafi ɗaya ya iso kolejin, a makare, kuma injin fotokopi mafi kusa yana Magarya. Malamin ya ajiye shi cikin kundinsa don kada ya yage. A ɗan karatun da na yi kan irin wannan ma'auni, amfaninsa na farko shi ne ɗalibi ya san abin da ake nema kafin ya tashi tsaye. Tiyar da aka ɓoye a bayan buhu sai an gama awo, ba ta da bambanci da awon hannu. Da an ce wa Zuwaira tun farko akwai maki huɗu a fuskar Mushe, wataƙila da ta nemi ko da goshinsa.

Na san abin da kwamitinku yake nufi, kuma ban raina shi ba. Kuna son yaro ya yi magana da mutane, ba da takarda ba. Kuna tunanin ranar da yarinyar nan za ta tsaya gaban masu ɗaukar aiki, ko gaban majinyaci in Allah ya sa ta zama ungozoma kamar yadda take buri. Ni ma ina son ta iya. Amma abin da gida ya shekara goma sha biyar yana hanawa, lakwal ba ta koyar da shi ko na awa ɗaya ba, sai ta tashi rana ɗaya ta auna shi. Ba a ba ta iri ba, aka zo awon amfanin gona.

Saboda haka ina roƙon abubuwa uku. A ba majalisar malamai izini, a rubuce, ta sake duba layi na biyar kafin zaman Alhamis, ga Zuwaira da duk wanda abin ya shafa, don na ji ba ita kaɗai ba ce a ajin. In ana so a sake sa ta jawabin, a shirye take, kuma an samu ci gaba: jiya ta kai ga gemuna. Sannan a gyara lafazin layin ya zama ɗalibi ya ɗaga kai ya fuskanci ƴan ajinsa ba tare da dogara ga takarda ba. Tsaransa ne, zai iya kallon su, kuma abin da kuke nema zai samu. Na ƙarshe, duk takardar awo da za ku aiko nan gaba, a kwafe ta a tablo, allon aji, tun farkon zango, ta zauna a kusurwa kowa na gani. Wannan alli kawai yake ci.

In ka ga dama ka kira ni ofishinka, zan zo. Sai dai ina neman afuwa tun yanzu, don ban san wane kallo zan yi maka ba, na takarda ko na gida.

Allah ya ƙara maka basira da lafiya, ya sa ka gama aikinka da mutunci, ya shirya zuriyarka, ya ba mu damina mai albarka baki ɗaya.

Darakta ya shaida mini cewa shi ma ya rubuto muku kan wannan layi, ya ba wani ɗan kabu-kabu wasiƙar ranar Talata. Mai babur ɗin ya ce ya miƙa ta ga mai gadin ofishinku. Har zuwa safiyar yau da nake rufe tawa, ba a tabbatar mana ta hau teburinka ba.

Wassalamu alaikum.

Naka mai girmama ka,
Malam Isufu, mahaifin Zuwaira